Makadamiya: Bishiyar da ba ta daɗe da barin daji ba

Makadamiya bishiya ce da ba ta kaɗe ganyenta rani da damina, kuma asalinta gabashin ƙasar Ostireliya ne. Ana noma ta saboda farar ƙwaya mai maiƙo da ke ɓoye cikin ƙwallonta, wadda ke cikin 'ya'yan itatuwa mafi tsada a kasuwannin duniya. A duk tsirran da Ostireliya ta mallaka tun asali, ita kaɗai ce ta zama babban amfanin gona na abinci da ake fataucinsa tsakanin nahiyoyi. Dabino da zaitun da inabi sun shafe dubban shekaru a hannun manoma, ana zaɓen iri ana gyarawa har suka sauya kama. Makadamiya kuwa ba ta cika shekara 150 a gona ba, kuma yawancin bishiyoyin da ke gonaki yau jikoki ne ko tattaɓa-kunnen waɗanda ke tsaye a kurmi. Shi ya sa halayenta da dama, tun daga saiwa har zuwa kwanso, har yanzu na bishiyar daji ne, kuma dole manomi ya bi ta a yadda take.

Masana tsirrai sun sanya ta cikin dangin da suke kira Proteaceae. Tsohon dangi ne, wanda tarihinsa ya koma zamanin da Afirka da Ostireliya da Kudancin Amurka da Antatika suke haɗe a dunƙule ɗaya mai suna Gondwana. Da ƙasashen suka rabu, kowane yanki ya tafi da nasa kason, don haka makadamiya na da 'yan'uwa a wurare masu nisa da juna. Furen protea, wanda Afirka ta Kudu ta ɗauka a matsayin furen ƙasa, ɗan wannan dangi ne. Haka ma bishiyar Grevillea robusta da ake yawan dasawa a gonakin kofi da shayi na gabashin Afirka domin inuwa da katako.

Jinsin Macadamia kansa ya kasu huɗu, biyu ne kawai ake ci. Na farko, Macadamia integrifolia, shi ne ginshiƙin noman makadamiya a duniya. Yana fitowa a kurmin kudu maso gabashin jihar Queensland. Ganyensa uku-uku suke fitowa a kowace gaɓa, suna kewaye reshe, kuma ganyen babbar bishiya gefensa sumul yake, in ma da ƙaya to kaɗan ce. Sabon tohonsa kore ne mai haske, furensa fari mai ɗan ratsin ruwan madara, ƙwallonsa kuma mulmulalle ne mai santsi. Na biyu, Macadamia tetraphylla, ya fi yawa can kudu, daga arewa maso gabashin jihar New South Wales zuwa kan iyakar Queensland. Nasa ganyen huɗu-huɗu ne, ya fi tsawo, gefensa duk ƙayoyi, kuma kusan manne yake da reshe. Tohonsa ja-ja ne, furensa ruwan hoda, kwansonsa kuma yana da kaushi. Ƙwayarsa ta fi ta farkon zaƙi, amma maiƙonta bai kai ba, kuma saboda yawan sukarin takan yi duhu idan aka gasa ta, abin da masana'antu ba sa so. A inda mazaunin nau'o'in biyu ya haɗu sukan yi barbara da juna su haifar da ruwa-biyu, kuma wasu daga cikin irin da aka fi nomawa a yau irin waɗannan ne.

Sauran biyun, Macadamia ternifolia da Macadamia jansenii, ƙananan 'ya'ya suke yi masu ɗaci. Ɗacin yana zuwa ne daga wasu sinadarai da ke sakin gubar sayanaid, irin waɗanda ke cikin rogo mai ɗaci. Jansenii ita ce mafi ƙaranci a cikinsu duka. Wani mai sha'awar tsirrai, Ray Jansen, shi ya ci karo da ita a farkon shekarun 1980, aka kuma bayyana ta a hukumance a 1992. A daji ba a san ta ko'ina ba sai a wani ɗan yanki na gandun dajin Bulburin a Queensland.

'Yan asalin Ostireliya sun san wannan ƙwallo shekaru aru-aru kafin zuwan Turawa. Suna tsintar sa a gindin bishiya, su ɗora shi a ɗan ramin da ke kan faffaɗan dutse don kada ya zille, su buga masa wani dutsen. Ƙabilu daban-daban na da sunayen da suke kiran sa, daga ciki akwai kindal-kindal da jindilli da boombera. Sunan da duniya ta sani ya fito ne a 1857, lokacin da masanin tsirrai Ferdinand von Mueller, Bajamushen da ya zauna a Melbourne, ya bayyana jinsin ya kuma raɗa masa sunan abokinsa Dokta John Macadam, masanin haɗa sinadarai ɗan asalin Sukotland. Walter Hill, mai kula da lambun tsirrai na Brisbane, ya dasa guda ɗaya a 1858. Bishiyar tana nan da ranta a lambun, kuma ana ɗaukar ta a matsayin makadamiya mafi tsufa da hannun mutum ya dasa.

Idan aka bar ta ta sake, makadamiya kan kai tsawon mita 12 zuwa 15, wani lokaci ta wuce haka a cikin kurmi inda take tseren neman haske. A gona akan rage mata tsawo da faɗi don rana ta ratsa. Kanta a cunkushe yake da ganye, inuwarta mai duhu ce, har ciyawa kan kasa fitowa a ƙarƙashin tsofaffin bishiyoyi, abin da ke jawo zaizayar ƙasa a gonakin da ke kan gangare. Ganyen yana da kauri da sheƙi, tsawonsa daga santimita 10 zuwa 30 gwargwadon nau'i. Ba ta girma a jere ba tsayawa. Takan yi toho gaba ɗaya, ta huta ganyen ya ƙosa, sannan ta sake wani tohon, yawanci sau biyu manya a shekara. Itacenta na da tauri amma yana da saurin tsagewa, musamman inda rassa biyu suka tashi daga wuri ɗaya suka matse juna. Don haka tun tana ƙarama ake sassabe ta a bar jigo ɗaya a tsakiya, rassa su fito daga gare shi a buɗe.

A ƙarƙashin ƙasa ne gadon danginta ya fi bayyana. Tsiron da ya fito daga ƙwallo yakan fara da doguwar saiwa mai nutsewa, amma da bishiyar ta girma, yawancin saiwoyin da ke ciyar da ita suna shimfiɗe ne kusa da saman ƙasa. A jikin waɗannan akan ga wasu dunƙule-dunƙule na ƙananan saiwoyi, ɗaruruwa a cushe wuri ɗaya, kowace siririya kuma gajera. Wannan tsari ya zama ruwan dare a dangin Proteaceae, domin dangin ya taso ne a tsofaffin ƙasashen da ruwan sama ya wanke, inda sinadarin fosfarus ya yi ƙaranci ko ya maƙale a jikin ƙarfen da ke cikin ƙasa. Dunƙulen saiwoyin na fitar da ruwa mai tsami, irin tsamin da ke cikin lemo, wanda ke narkar da fosfarus ɗin da ya maƙale har bishiyar ta samu ta zuƙa. Ba sa daɗewa, suna gama aikinsu a wuri sai su mutu, wasu su fito a wani gefen.

Wannan baiwa tana da nata sharaɗi. Bishiyar da ta saba da neman fosfarus da kyar ba ta iya jure yawansa. Idan manomi ya zuba takin zamani mai fosfarus fiye da kima, dunƙulen saiwoyin kan ragu, ganye ya koma ruwan ɗorawa saboda bishiyar ta kasa samun sinadarin ƙarfe. Kuskure ne da sababbin manoma ke yawan yi da kyakkyawar niyya, suna zaton duk bishiya haka take son taki. Abin da ya fi yi mata amfani shi ne a lulluɓe gindinta da ruɓaɓɓen ganye da ɓawo, kamar yadda ƙasan kurmi yake. Rashin zurfin saiwa kuma ya sa guguwa kan tumɓuke ta cikin sauƙi, musamman bayan ruwa ya jiƙa ƙasa sosai, don haka akan dasa layin wasu bishiyoyi su tare mata iska. Ba ta son ruwa ya kwanta a gindinta ko kaɗan. Inda ƙasa ba ta tsanewa, wata cuta mai suna Phytophthora kan kama saiwa da gindi, ɓawon jikin ya tsage yana fitar da ƙaro, bishiyar ta yi ta ramewa.

Furen makadamiya abin kallo ne. Yana fitowa a zangarniya mai reto, tsawonta santimita 10 zuwa 30, galibi daga tsofaffin rassa na cikin inuwa ba daga bakin sabon toho ba. Kowace zangarniya na ɗauke da ƙananan furanni 100 zuwa 300, kuma babbar bishiya kan fitar da dubban zangarniyoyi a kaka ɗaya. A Ostireliya da Afirka ta Kudu hakan na faruwa ne wajen watan Agusta da Satumba, lokacin da sanyin can ke ƙarewa. Gona kan cika da ƙamshi da kukan ƙudan zuma.

Kowane ɗan fure na da ɓangaren namiji da na mace a tare, amma an tsara shi yadda ba zai yi saurin yi wa kansa barbara ba. Kafin ya buɗe, siririn sandan mace da ke tsakiya yakan yi tsawo har ya lanƙwashe, kansa na maƙale a tsakanin jakunkunan garin fure. Da ganyayyakin furen huɗu suka buɗe suka naɗe baya, sai sandan ya miƙe, kansa ɗauke da garin. A wannan lokaci bai shirya karɓar barbara ba tukuna, aikinsa kawai ya goga garin a jikin duk ƙwaron da ya zo shan ruwan zuma. Sai bayan kwana ɗaya ko biyu, an riga an kwashe garin, sannan yake buɗewa ya karɓi wanda aka kawo daga wani furen. Bayan wannan ma, nau'o'i da yawa ba sa karɓar garin furen irinsu sosai, sun fi ɗaukar 'ya'ya idan garin ya fito daga wani iri dabam. Wannan ne dalilin da ya sa ƙwararrun manoma ke cakuɗa iri biyu ko fiye a gona ɗaya, su kuma ajiye amya a cikinta. Ƙudan zuman da aka saba da shi na yin aikin, amma a Ostireliya akwai wani ƙaramin baƙin ƙudan zuma marar harbi, Tetragonula carbonaria, wanda ya fi dacewa da furen, domin garin yake bi kai tsaye, yana taka kan sandan macen.

Duk da wannan ɗimbin fure, abin da ke zama ƙwallo bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Yawancin furannin kan bushe su zube cikin makonni biyun farko, sannan ƙananan 'ya'yan da suka ɗauka su ma su yi ta faɗuwa har zuwa wajen wata biyu. Zangarniyar da ta fara da fure 200 takan ƙare da 'ya'ya ƙalilan, wata ma ba ko ɗaya. Bishiyar na riƙe abin da take iya ciyarwa ne kawai, tana kuma fifita waɗanda aka yi wa barbara daga wata bishiyar. Zafi mai tsanani ko ƙishirwa a wannan tsakani na ƙara yawan zubewar, kuma a nan ne amfanin shekara ke tabbata ko ya lalace.

Ɗan makadamiya hawa uku ne. Daga waje akwai koren ɓawo mai kauri da zare-zare, wanda ke da layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Idan ɗan ya nuna, ɓawon kan tsage ta wannan layi, cikinsa ya koma ruwan ƙasa. A ƙarƙashinsa akwai kwanso mai launin ƙasa-ƙasa da sheƙi, faɗinsa wajen santimita biyu zuwa biyu da rabi. A cikin kwanson kuma ƙwayar take, fara, mai ɓari biyu a manne. A ilimin tsirrai, koren ɓawon shi ne ainihin jikin ɗan itacen, kwanson kuma rigar iri ce. Wato abin da a wake ko gyaɗa yake siririyar fatar da ake murjewa da yatsa, shi ne a makadamiya ya yi kauri ya zama garkuwa. Kowane fure na da gurbin iri biyu, amma yawanci ɗaya ke girma ya cika wurin ya zama mulmulalle. Idan duka biyun suka girma, sai a samu tagwaye a ɓawo ɗaya, kowane rabin ƙwallo.

Kwanson makadamiya na cikin mafi tauri a duk 'ya'yan itatuwan da ake ci. Gwaje-gwaje sun nuna ana buƙatar nauyin da ya kai wajen kilo 200 a danna kafin ya fashe. Kaurinsa 'yan milimita ne kawai, amma an gina shi da ƙwayoyin halitta masu kaurin bango da zaruruwa da suka sarƙe ta kowace fuska, ga shi kuma a mulmule, don haka duk inda aka danna nauyin kan bazu ko'ina. Injiniyoyi masu nazarin ƙarfin kayan gini sun daɗe suna binciken tsarinsa. Haƙorin mutum ba ya yi masa komai, kuma ƙaramin abin fasa 'ya'yan itace na gida ba ya iyawa, sai guduma ko matsi mai dunƙule na musamman. Ɓeraye dai sun san kansa, sukan yi ta gaigayar wuri ɗaya har su huda, kuma suna cikin manyan masu yi wa gonaki ɓarna. Amma garkuwar da ta hana maƙiyi shiga ba ta hana tsiro fita. A jikin kwanson akwai wani ɗan farin ɗigo, ƙofa ce da ruwa ke bi ya shiga, akwai kuma siririn layin da ya taso daga gare shi. Idan ƙwallon ya kwanta a ƙasa mai danshi da ɗumi na wasu makonni, sai kwanson ya buɗe da kansa ta wannan layi, saiwa ta leƙo.

Daga fure zuwa nuna akan ɗauki wata shida zuwa bakwai. A rabin farko ɗan na girma ne, cikinsa ruwa-ruwa, kwansonsa fari mai laushi. Daga nan kwanson ya taurare ya yi duhu, girma ya tsaya. A watannin ƙarshe bishiyar ke mayar da sukarin da ke cikin ƙwayar ya zama mai, kuma wannan mataki ne ke tabbatar da ingancinta. Ƙwayar da ta nuna sosai kashi 72 cikin ɗari ko fiye na nauyinta mai ne. Masu saye na da hanya mai sauƙi ta gane haka: su zuba ƙwayoyin cikin ruwa, wadda ta cika da mai ta taso sama, wadda ba ta ƙosa ba ta nutse. Wadda aka tsinka da wuri takan yanƙwane, ta yi tauri, ta ƙone wajen gashi. Wannan matsala ta sa hukumomin Kenya kan ware watannin da suke hana girbi da cinikin makadamiya, don kada matsin buƙatar kuɗi ko tsoron ɓarayi ya sa a kakkaɓe ta ɗanya.

Man da ke cikinta yawancinsa irin na zaitun ne, wanda likitoci ke ganin ya fi kitsen dabba sauƙi ga zuciya. Tana kuma ɗauke da wani nau'in mai da ake kira palmitoleic, wanda ba kasafai ake samun sa da yawa a tsirrai ba, shi ya sa masu haɗa man shafawa ke neman man makadamiya. Giram 100 na ƙwayar na ba da kuzarin da ya haura kalori 700. Sinadarin gina jiki a cikinta wajen kashi 8 cikin ɗari ne, ƙasa da na gyaɗa nesa ba kusa ba, amma tana da bitamin B1 da sinadarin manganis da yawa. Ana cin ta ɗanya ko gasasshiya, ana sa ta a cakulan da biskit. Wasu mutane jikinsu ba ya karɓar ta, kamar yadda yake faruwa da sauran 'ya'yan itatuwa irinta. Ga karnuka kuwa guba ce. Karen da ya ci ta, takan sa shi amai, zazzaɓi da rawar jiki, ƙafafunsa na baya su saki, yawanci cikin awa 12, kodayake mafi yawansu kan warware cikin kwana biyu.

Yanayin da take so shi ne na mahaifarta: ɗumi marar tsanani, iska mai laima, da ruwan sama milimita 1,000 zuwa 2,000 a shekara wanda ya rarrabu a kan watanni da yawa. Ta fi girma idan ma'aunin zafi na tsakanin digiri 20 da 25. Idan ya daɗe sama da 30, sabon ganye kan fito fari-fari, in ya haura 35 toho ya ƙone, 'ya'ya su zube. Tana kuma buƙatar darare masu sanyi na wasu makonni kafin ta yi niyyar fure. Babbar bishiya na jure ɗan jaura, amma ƙarama takan mutu. Saboda haka a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya kan tuddai ake noma ta, inda kofi da shayi ke yi, kamar Murang'a da Embu da Meru a Kenya, ko Thyolo a Malawi. Filayen ƙasar Hausa, da dogon rani da zafin bazara mai haura digiri 40, sun saɓa wa ɗabi'arta. Ƙasar da ta fi so ita ce mai zurfi, mai tsanewa, mai ɗan tsami kaɗan.

Bishiyar da aka shuka daga ƙwallo kan ɗauki shekara bakwai zuwa goma ko fiye kafin ta yi abin kirki, kuma ba a san irin 'ya'yan da za ta bayar ba, tunda uban daga wata bishiyar yake. Don haka gonakin kasuwanci da aure suke dogara: a raini tsiro daga ƙwallo, a yanko reshen irin da aka yarda da shi a ɗaura masa. Auren makadamiya ya fi na mangwaro wuya saboda taurin itacenta. Masu renon dashe kan zagaye reshen da za su yanka da wuƙa, su cire siririn zoben ɓawo makonni kafin yankan, don abinci ya taru a cikinsa ya taimaka masa ya kama. Mai aure kan fara 'ya'ya a shekara ta huɗu ko ta biyar, ta kai cikakken ƙarfinta bayan shekara 10 zuwa 15, kuma idan ta samu kulawa takan yi ta bayarwa shekaru da dama, har wasu su haura ɗari. Noma ne na mai haƙuri, kuma wanda ya zaɓi irin da bai dace da ƙasarsa ba sai bayan shekaru zai gane.

Yawancin nau'o'i da kansu suke sakin 'ya'yansu idan sun nuna, don haka a ƙasa ake girbi. A Ostireliya, daga Maris zuwa Satumba, injuna masu tayoyin roba da yatsu ke bi suna tsincewa, a Kenya da Malawi kuwa da hannu ake yi. Dole a cire koren ɓawon cikin kwana guda, in ba haka ba tarin ya ɗau zafi, ƙwayar ta lalace. Sabon ƙwallo wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa ruwa ne, ƙwayar kuma a manne take da kwanso. Ana busar da shi a hankali, a fara da iska mai ɗan ɗumi sannan a ƙara zafi, har laimar ƙwayar ta sauko zuwa kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. A lokacin ta tsuke ta saki kwanson, ana girgiza ƙwallon a ji tana motsi, kuma sai a sannan inji zai iya fasawa ba tare da ya farfasa ta ba. Gaggawar zafi kan sa tsakiyarta ta yi duhu. Bayan duk wannan, ƙwayar da ake samu wajen kashi ɗaya cikin uku ce kawai na nauyin busasshen ƙwallo. Idan aka haɗa da shekarun jira da asarar fure, tsadarta ba ta zama abin mamaki ba. Ɓawon kan koma gona a matsayin taki, kwanson kuma a yi makamashi ko gawayin tace ruwa da shi.

Gonar kasuwanci ta farko an kafa ta ne a shekarun 1880 a Rous Mill kusa da Lismore, a New South Wales, amma ba a Ostireliya sana'ar ta bunƙasa da farko ba. A farkon shekarun 1880 wani mai suna William Purvis ya kai irin tsibirin Hawayi, aka dasa shi don tare wa rake iska. Daga shekarun 1920 aka fara noma shi da gaske a can, kuma cibiyar binciken noma ta Hawayi ta tantance dubban bishiyoyi ta fitar da nau'o'in da har yau ake kira da lambobinsu, irin su 246 da 344 da 660 da 741. Waɗannan ne suka bazu duniya, har suka koma Ostireliya kanta. Wani ruwa-biyu mai suna Beaumont, mai lamba 695, ya samu karɓuwa sosai a Afirka ta Kudu, duk da cewa 'ya'yansa kan ƙi faɗowa sai an kakkaɓe. A yau Afirka ta Kudu, musamman lardunan Mpumalanga da Limpopo da KwaZulu-Natal, da ƙasar Sin a lardunan Yunnan da Guangxi, da Ostireliya, da Kenya su ne kan gaba, sai Guatemala da Malawi da Vietnam da Brazil.

Wani binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa nau'o'in Hawayi, waɗanda su ne mafi rinjaye a gonakin duniya, ta wajen uwa sun fito ne daga wani ɗan ƙaramin rukunin bishiyoyi kusa da garin Gympie a Queensland, mai yiwuwa ma daga bishiya ɗaya. Wannan abin damuwa ne, domin miliyoyin bishiyoyi masu jini ɗaya rauninsu ma ɗaya ne, cuta ko sauyin yanayin da ya kayar da guda zai iya kayar da saura. Maganin yana cikin bishiyoyin daji, waɗanda ke ɗauke da halayen da ba a taɓa shigar da su gona ba. Sai dai an sare mafi yawan kurmin da suke ciki tun ƙarni na 19 don noma da kiwo da gine-gine, abin da ya rage tsiraru ne a warwatse a bakin rafuka da gangaren duwatsu, ciyayi baƙi masu hawa na shaƙe su, gobarar daji na yi musu barazana. Dokar Ostireliya ta sanya nau'o'in huɗu duka cikin tsirran da ke fuskantar haɗari, jansenii kuma ta fi kowanne. Ƙungiyar Macadamia Conservation Trust da masu bincike na jami'o'i na bin sauran bishiyoyin suna tattara rassansu suna dasawa a lambunan adana iri. Masu kyautata iri na neman gajeriyar bishiya mai saurin haihuwa, mai jure zafi da ƙwari, kuma ko nau'o'i biyun nan masu ɗaci suna cikin lissafinsu, domin ternifolia ƙaramar bishiya ce, jansenii kuma ita ce ke zaune can arewa, a yankin da ya fi na sauran ɗumi.